Akuya, lungu da kalmar da ba ta da ma'ana: yadda mawaƙan barkwanci na Ghana ke gina suna

A tsakiyar shekarar 2019 wata jimla ta cika Twitter, dandalin da yanzu ake kira X. Mutum zai ɗora hoton wani abu, abinci ne ko ɗan ƙwallo ko tsohuwar waya, sai ya rubuta a samansa: "Sco pa tu manaa". Jama'a su yi ta amsawa, kowa na faɗin abin da hoton ya tuna masa ko ra'ayinsa a kai. Har aka yi ta gardama kan ko wane yare ne. Amsar ita ce ba yaren kowa ba ne. Jimlar ta fito ne daga bakin Patapaa, mawaƙi ɗan garin Agona Swedru a Jihar Tsakiya ta Ghana, cikin baitin da ya yi a waƙar wani mawaƙi mai suna Kawoula Biov. Ba Twi ba ce, ba Ga ba ce, ba Ewe ba ce, wato ba ta cikin waɗannan harsuna na Ghana. Sauti ne kawai da ya yi daɗin faɗa.

Mafi yawan waɗanda suka rubuta ta a ƙasashen waje ba su taɓa jin sunan Patapaa ba, kuma ko sisi ba su biya shi ba. Wannan shi ne abin da ke rikita mai bibiyar waƙoƙin Ghana: ta yaya mutum zai karaɗe duniya da maganar da ba ta nufin komai, ko da kukan akuya, alhali gwanayen tsara baiti na nan ba a san su ba? In kuma sunan ya tafi haka, me ya sa kuɗin da girmamawar ba sa bin sa yadda ake zato?

Gambara, sara da tambari

Kafafen labarai na Hausa sun saba kiran waƙar rap da gambara ko gambarar zamani, kuma sunan ya dace da wannan batu fiye da yadda ake tsammani. 'Yan gambara na asali masu yawo kasuwa-kasuwa ne, suna zuba magana da sauri cikin ƙafiya, da zambo da habaici, wani lokaci har da batsa, jama'a na dariya suna ba su kuɗi. Saboda haka Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kan mawaƙin gambara mai barkwanci. Bambancin kawai shi ne na Ghana kasuwarsa tana cikin waya.

Sara ita ce kalma ko jimlar da matasa ke ƙirƙira, ko su karkatar da ma'anar tsohuwa, ta yi yayi na ɗan lokaci ta wuce. A Ghana tukunyar da ake dafa sara ita ce Turancin buroka na ƙasar, wanda ke kwasar kalmomi daga Twi, wato yaren da Hausawan zango ke kira Tonanci, da Ga na mutanen Accra, da ita kanta Hausa. Matashin da bai jin Hausa zai ce "kudi" ko "wahala" ba tare da ya san daga ina suka zo ba, kamar yadda yake cin waakye da koko da kose, sunayen da duk daga zango suka fito. "Chale" kuwa, wadda ake kiran aboki da ita, ta zama kamar tutar maganar Ghana baki ɗaya.

Tambari a nan ba hatimin kamfani ake nufi ba. Shi ne abin da ke faɗo wa mutane a rai da zarar an ambaci mawaƙi: sunansa, kirarin da yake yi wa kansa, shigarsa, muryarsa, rawarsa. Akwai gwaji mai sauƙi. Idan yaro ɗan firamare zai iya kwaikwayon mutum cikin daƙiƙa biyar, 'yan ajinsu kuma su gane wa yake nufi ba tare da ya faɗi suna ba, to wannan mutumin yana da tambari.

Tushen abin ya girmi intanet

Mutanen Akan, masu yaren Twi, suna da Ananse, gizo-gizon tatsuniyoyinsu mai wayo da kwaɗayi, ɗan'uwan Gizo na Hausa. Daga wannan gado ne aka samu wasan kwaikwayon yawo da ake kira Concert Party, wanda ya bunƙasa tun zamanin mulkin mallaka: ƙungiya ta shiga mota ta bi garuruwa da ƙauyukan manoman koko, ta haɗa kiɗa da waƙa da barkwanci a dare ɗaya. Bob Johnson, ɗan wasan ƙungiyar Axim Trio a shekarun 1930, ya shahara har sunansa ya zama sunan sana'a. Duk mai taka rawar wawan wasa sai a ce masa Bob.

A shekarun 1990 wasan ya koma babban ɗakin wasanni na ƙasa da ke Accra, ana nuna shi a talabijin da tallafin sabulun Key Soap. A nan ne Bob Okala, wanda ya rasu a 2016, ya yi tashe. Abin da mutane suka fi tunawa da shi shi ne ƙaton agogon bango da yake ɗaurawa a hannu a matsayin agogon hannu. Kafin ya buɗe baki an riga an fara dariya, kuma wanda ke can bayan ɗaki ya san wa ya fito. Darasin da mawaƙan yau suka gada ke nan: a samu abu guda da ido zai kama daga nesa, a riƙe shi kullum.

Ta ɓangaren waƙa kuma, a tsakiyar shekarun 1990 Reggie Rockstone ya nuna cewa ana iya gambara da Twi a kan kiɗan zamani, aka sa wa salon suna hiplife. Daga nan hanya ta rabu. Akwai masu zurfin magana irin su Obrafour, da ake girmamawa saboda karin magana da iya harshe. Akwai ƙungiyoyin unguwa irin su VIP na Nima, wata unguwar zango a Accra, waɗanda suka shigo da Hausa da ɗanɗanon zango cikin waƙoƙin da duk ƙasa ke ji. Barkwanci bai taɓa ɓacewa daga ciki ba, amma a wancan lokacin sai an bi ta ƙofa. Gidajen rediyo masu zaman kansu, da suka fara da irin su Joy FM a 1995 da Peace FM mai watsa shiri da Twi a 1999, su ne ke yanke hukuncin waƙar da za a ji. Wanda ba shi da furodusa ko abin ba masu saka faifai na goro, sai ya haƙura. Wayar hannu mai kyamara ce ta ɓalle wannan ƙofa.

Swedru, 2017

Waƙar da ta fito da Patapaa, wanda sunansa na yanka Justice Amoah, ita ce "One Corner". Ta fara kama wuta ne a garinsu, a lokacin bikin Akwambo na shekara-shekara, kafin Accra ta san da ita. Ƙarfinta yana cikin umarnin da take bayarwa. Da kiɗan ya buga, kowa sai ya ruga ya nemi lungu, ko bango, ko turken lantarki, ko gefen mota, ya rungume shi yana karkaɗa ƙugu. Rawa ce da ba ta buƙatar koyo, kuma duk wanda ya yi ta ya zama abin ɗauka a waya. Kowane bidiyo da wani ya ɗora ya zama tallar da mawaƙin bai biya ba. Cikin 'yan makonni ta tsallaka zuwa Najeriya.

Sunan nasa ma ya yi masa aiki. A Twi, patapaa na nufin ƙarfa-ƙarfa, wato cusa kai da tsiya. Ya dace da muryarsa mai kaushi, ya dace da labarin ɗan ƙaramin gari da ya kutsa cikin masana'antar da ba ta gayyace shi ba. Magoya bayansa ya sa musu suna Pa2pa Sojas, don mai son sa ya ji cewa yana cikin runduna.

A bikin ba da kyaututtukan waƙa na Ghana na 2018, mutane da dama sun ɗauka kambun waƙar shekara nasa ne. Sai ya tafi ga Fancy Gadam, mawaƙin Tamale mai ɗimbin magoya baya a arewacin ƙasar, a kan waƙar da ya yi da Sarkodie, fitaccen mawaƙin gambara na ƙasar. A daren kuma an yi ta yi wa Patapaa ba'a kan kwat ɗin da ya saka, wadda ta yi masa yawa. Abubuwa biyu suka fito fili. Na farko, cika titi daban, samun amincewar masu masana'anta daban. Na biyu, ba'ar ma ta ƙara masa suna, domin washegari shi ake ta magana a kai. Mawaƙin da tambarinsa ya ginu a kan kwarjini, ba'a na rage masa daraja. Wanda nasa ya ginu a kan dariya, ba'a abinci ce gare shi, ko da tana yi masa ciwo.

Akuyar AY Poyoo

Misalin da ya fi nuna tsari da gangan shi ne na AY Poyoo, wanda ya ɓullo a 2020. Lokacin ya taimaka masa. An hana taruka saboda korona, an rufe Accra da Kumasi na mako uku daga 30 ga Maris, mutane na zaune a gida da waya a hannu suna neman abin da zai ɗebe musu kewa. A wannan lokacin ne ma bidiyon masu rawa da akwatin gawa na Ghana ya zagaye duniya.

Shigarsa ba ta da tsada: ba riga, ƙatuwar sarƙa a wuya, akuya a kusa. Dabarar tana cikin wasa da kalma. A Turancin mawaƙan gambara da 'yan wasanni, haruffan GOAT taƙaitawa ce ta kirarin "wanda ya fi kowa a tarihi", kuma kalmar ita ce sunan akuya a Turanci. Manyan mawaƙa na faɗa a kan wannan kirari da gaske. A Twi kuwa akuya ita ce aponkye, kuma a kira mutum da ita zagi ne, kusan yadda Bahaushe ke jin "ɗan akuya". AY Poyoo ya haɗa kirarin da zagin wuri guda, ya ce shi ne akuyar, ya kawo ta a zahiri, ya sa kukanta a cikin waƙa. Ya kuma naɗa wa kansa sarautar "fuskar gambarar Ghana".

Abubuwa uku suka sa wannan ya yi aiki. Ya riga masu zaginsa, domin wanda ya kira kansa akuya bai bar wa maƙiyi abin faɗa ba. Yana yin abin fuska a murtuke, kamar ya yarda da kirarin, sai mai kallo ya kasa tantance ko wasa ne ko gaske, wannan shakkar kuma ita ke sa a tura wa aboki a tambaye shi. Sannan kukan akuya ba ya buƙatar tafinta. Mutumin Kenya ko Brazil da bai san Twi ba ya gane abin dariyar nan take. Bidiyon ya kai har ga Snoop Dogg, mawaƙin gambara na Amurka, wanda ya yaɗa shi a Instagram, kuma Michael Blackson, ɗan barkwancin Ghana mazaunin Amurka, ya taimaka wajen haɗa su.

Ba Patapaa da AY Poyoo kaɗai ba ne. A farkon wannan shekarar ta 2020 Bosom P-Yung ya ja hankali da rinannen gashi da salon kuka da sunan budurwa, Kwame Yogot kuma ya yi wa kansa laƙabin ɗan barkwancin gambara kai tsaye.

Me ya sa sara ke gudu haka

Sarar da ke yaɗuwa gajera ce, mai daɗin furtawa, kuma ma'anarta a buɗe take. Rashin ma'anar "Sco pa tu manaa" shi ne ƙarfinta: tulu ne babu komai a ciki, kowa ya zuba abin da yake so. Mai faɗin ta yana samun wani abu shi ma, domin yana nuna cewa yana cikin yayi, ba a bar shi a baya ba.

Sai kuma yadda dandalin intanet ke aiki. Manhajar da ke zaɓar bidiyon da za ta nuna wa mutane tana ƙirga tsawon kallo, da yawan turawa, da yawan sharhi. Ba ta san bambancin dariyar so da dariyar raini ba. Wanda ya rubuta "wannan wane irin shirme ne" ya ɗaga bidiyon daidai da wanda ya yaba. Mawaƙin da ya ɓata wata guda yana tsara baiti mai zurfi yana buƙatar mai sauraro ya natsu ya kuma ji yaren. Mai akuya daƙiƙa uku yake buƙata.

Ina kuɗin yake?

A nan ne lissafi ke canzawa. Ba kowane kallo ne ke zama kuɗi ba. YouTube na fara raba kuɗin talla ne ga tashar da ta cika sharuɗɗa, waɗanda suka haɗa da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, kuma abin da masu talla ke biya a kan mai kallo daga Afirka ta Yamma bai kai na mai kallo daga Amurka ko Ingila ba. Gutsuren bidiyon da aka yanka aka ɗora a WhatsApp ko a shafin wani, wanda ta nan ne barkwanci ya fi yawo, ba ya kawo wa mai shi komai. Manhajojin sauraron waƙa irin su Boomplay da Audiomack da Spotify, wanda ya shiga Ghana a 2021, suna biya ne a kan sauraro, alhali waƙar barkwanci kallonta ake yi. Mutum zai kalli akuya sau uku ya yi dariya, amma da wuya ya sa ta a kunne yana tuƙi kullum.

Kuɗin da ke gudana daga rediyo da otal-otal da mashaya yana bi ne ta GHAMRO, ƙungiyar da ke karɓar haƙƙin mawaƙa, kuma mawaƙan Ghana manya da ƙanana sun daɗe suna kukan cewa abin da ke iso musu bai taka kara ya karya ba.

Saura wasan dandali da talla. Wasan dandali shi ne gishirin sana'ar: bukukuwan gargajiya na garuruwa, Ista a tsaunukan Kwahu, shagulgulan Disamba a Accra, gangamin siyasa, da zuwa wa 'yan Ghana mazauna Turai. Farashin mawaƙi na hawa ne lokacin da sararsa ke kan ganiya, ya sauka da ta lafa, don haka watannin farko su ne kakarsa. Korona ta yi wa 'yan 2020 illa a nan: ta ba su masu kallo, ta hana su dandali.

Talla kuma tana da shinge. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta hana fitattun mutane tallar barasa, kuma a watan Yunin 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan hani. Masu goyon bayan dokar na cewa tana kare yara daga koyi da taurarinsu. Masu adawa daga cikin mawaƙa na cewa an toshe musu ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samu. Ko ta wane ɓangare aka duba, kamfanonin da suka rage, irin su bankuna da na sadarwa, sukan yi taka-tsantsan da fuskar da za su jingina sunansu da ita. Mai rawar lungu ko mai yawo ba riga ba lallai ne ya zama zaɓinsu na farko ba.

Kalmar ta wa ce?

Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005, mai lamba 690, tana kare waƙa: kalmominta, kiɗanta da naɗaɗɗen sautinta. Ba ta kare tunani ko dabara. Saboda haka ba wanda zai hana wani fitowa ba riga da dabba a hannu, kuma gajeriyar jimla da ta shiga bakin jama'a abu ne mai wuyar riƙewa ta wannan hanya.

Hanyar da ta fi kusa ita ce dokar alamar kasuwanci ta 2004, mai lamba 664. Mutum na iya yi wa suna ko jimla rajista don wasu kayayyaki da ya ayyana, misali riguna ko abin sha, na tsawon shekara 10 da ake iya sabuntawa. Wannan zai hana wani kamfani buga jimlar a kan irin waɗannan kaya, amma ba zai hana jama'a faɗin ta ba, kuma rajistar Ghana ba ta aiki a wata ƙasa sai an nemi kariya a can. Ga matsalar lokaci: rajista na buƙatar kuɗi, da bincike, da wallafawa, da jiran mai ƙorafi. Sara kuwa kan yi tashe ta faɗi kafin takarda ta fito, mai buga riguna a kasuwar Kantamanto ko Kejetia ya riga ya sayar da nasa.

Kwatanci da Kumasi na da amfani. A 2020 matasan birnin suka fito da yayin Kumerica, suna laƙaba wa unguwanninsu sunayen biranen Amurka, da salon kiɗan da ake kira Asakaa. Sunan ya samo asali ne daga Saka, wata sara da ake juya gaɓoɓin kalmomin Twi, kamar yadda aka juya kasa, wato magana, ta koma saka. Wannan sara ba ta mutum ɗaya ba ce. Tana da gari, tana da gungun mawaƙa, tana da kiɗan da ake iya yin sabbin waƙoƙi da shi ba iyaka. Shi ya sa ta daɗe, har masu kyautar waƙa ta Grammy a Amurka suka ambaci salon cikin nau'o'in da sabon rukuninsu na waƙar Afirka ya ƙunsa a 2023. Sarar ɗan barkwanci guda kuwa a kan abin dariya ɗaya take tsaye, abin dariya kuma ba ya jure maimaici.

Masu suka da masu kariya

Masu kishin fasahar gambara na ganin irin wannan shahara na karya gwiwar masu wahalar koyon sana'a. Hujjarsu ita ce idan rediyo da masu shirya wasa suka bi abin da ke tashe kawai, yaro mai basira zai ga ba riba a gyara baiti. Suna kuma damuwa da hoton da ake nuna wa duniya, musamman idan baƙi na dariya ne ba tare da sun san akwai wani abu a waƙar Ghana bayan wannan ba.

Iyaye da malaman addini, na coci da na masallaci, damuwarsu tarbiyya ce. Rawar lungu ta jawo suka sosai saboda kamanninta da batsa, ga yara ƙanana na kwaikwayo, ga masu yin ta a kan titi da cikin kwata don a ɗauke su.

Masu kariya na cewa sa mutane dariya fasaha ce mai wuya, kuma tsohuwa ce a ƙasar, daga Ananse har Bob Okala. Suna ƙara da batun aji. Yawancin waɗannan mawaƙa ba 'ya'yan masu hali ba ne, ba su da kuɗin bidiyo mai tsada ko sanayya a gidajen rediyo, don haka jikinsu da bakinsu su ne jarinsu. A ganinsu, wani kaso na sukar raini ne ga wanda bai iya Turancin makaranta ba ko bai fito daga Accra ba.

Kowane ɓangare na da abin kamawa, amma akwai wurin da hujjar masu kariya ke rauni. Idan dariyar ta raini ce, mawaƙin na cin riba daga abin da ke ƙasƙantar da shi, kuma ranar da ya so a saurare shi da gaske, masu kallon nan ba za su bi shi ba. Tambarin da ya buɗe masa ƙofa shi ne ke tsare shi a bakinta. In ya sa riga ya rera waƙar soyayya, a ce ya bar abin da aka san shi da shi. In ya ci gaba da akuya, a ce ya ƙosar. Hujjar masu suka ita ma tana da rami: Sarkodie da ire-irensa ba su rasa masu sauraro ba saboda Patapaa ya yi tashe, domin kunnen da ke son baiti mai nauyi da idon da ke son dariya sau da yawa na mutum ɗaya ne.

Abin da ya shafi talaka

Duk sarar da ta tashi tana ciyar da mutanen da ba a ganin su a bidiyo: mai saka kiɗa a biki da jana'iza, wadda a kudancin Ghana babban taro ce, mai buga riguna, mai ɗaukar hoto da waya, yaran da ke rawa a gaban shago don jawo masu saye. Ribar na watsuwa cikin unguwa ko da kaɗan ce ta koma ga wanda ya ƙirƙiro kalmar.

Ga matashin da ba shi da aiki, labarin na da jan hankali: waya, data, da abu guda na ban mamaki. Abin da ba ya gani shi ne yawan waɗanda suka gwada ba a kalle su ba, da kuma cewa bidiyon da mutum ya wulaƙanta kansa a ciki ba ya gogewa, zai iya tarar da shi ranar neman aiki ko neman aure. Wanda kuma ya dace, hatsarinsa na farko takarda ce. Yaron da ya shahara cikin mako guda yakan sa hannu a yarjejeniyar da bai karanta ba. Tambayoyin da ke yanke makomarsa ƙanana ne a ido: da sunan wa aka buɗe tashar YouTube, wa ke riƙe da kalmar sirrinta, asusun wa kuɗin ke shiga, kaso nawa manaja ke ɗauka, kuma na shekara nawa.

Matasan zango a Nima da Mamobi na Accra da Aboabo na Kumasi suna da wani matsayi na daban. Harshensu ya daɗe yana ba sarar Ghana kalmomi, kuma sarar da aka yi da Hausa na da masu fahimtarta daga Accra har Yamai da Kano, kasuwar da mai Twi ba shi da ita. Sai dai unguwar da ke ba su harshen ita ce kuma ke sa musu iyaka. Fitowa ba riga ko rawar rungumar bango abu ne da yaron zango zai amsa tambaya a kansa a gida da masallaci tun kafin bidiyon ya kai kallo dubu. Wanda zai bi wannan hanya daga can, dole barkwancinsa ya koma cikin magana, cikin habaici da iya juya harshe, wato kusa da inda 'yan gambara na asali suka fi ƙarfi.